Zuwa ganin aikin wasu ko tattara sanin ma'aikatanka: wanne za ka fara sa wa kuɗi?

Mai ƙaramin kamfani a Katsina, injin casar shinkafa ne gare shi ko gidan burodi ko kamfanin ruwan leda ko makarantar kuɗi, da zarar riba ta fara tsukewa shawara biyu yake yawan ji. Wasu su ce masa, "Alhaji, ka je Kano ka ga yadda suke yi, mu nan an bar mu a baya." Wasu kuma su ce ciwon a cikin gida yake, komai na kamfanin yana kan mutum ɗaya ko biyu, ranar da suka kwanta rashin lafiya aiki ya tsaya cak. Kowace shawara da gaskiyarta. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri da na kaya suka ɗaga, ba kowa ke da sararin kama biyun lokaci guda ba. Dole a zaɓi na farawa, kuma zaɓin yana da nauyi fiye da yadda ake ɗauka.

Hanya ta farko ita ce ka auna aikinka da na wanda ya fi ka. Kamfanin da ya fito da wannan tsari fili shi ne Xerox na Amurka, mai ƙera injin kwafin takardu. A 1979 suka lura cewa kamfanonin Japan suna sayar da irin injinsu a kan kuɗin da bai wuce abin da su suke kashewa wajen ƙera nasu ba. Ba su tsaya zargin kowa ba, sai suka bi aikin gaɓa-gaɓa suna kwatantawa: nawa ake kashewa a nan, kwana nawa ake ɗauka a can, kaya nawa ke fitowa da aibi. Da suka zo kan sito, ba wajen masu injin kwafi suka je ba. L.L. Bean suka nufa, kamfanin da ke sayar da tufafi da takalma ta hanyar aika wa mutane har gida, domin ma'aikatan sitonsa suna haɗa kayan da aka yi oda da saurin da ya kusa ninka na Xerox sau uku. Wani ɓangare na sirrin shi ne kayan da aka fi nema an ajiye su kusa da hannu, kuma an tsara wa mai ɗauko kaya hanyar da zai bi don kada ya riƙa kai da kawowa.

Abin lura a nan, ba kamfanin gaba ɗaya suka je kallo ba. Aiki guda suka ware, suka san adadin nasu, sannan suka nemi wanda ya fi kowa iya shi. Wannan shi ya raba aunawa da yawon buɗe ido.

Mu sauko da shi kan injin casa. Abubuwan da za a auna ba su da yawa: kilo nawa na shinkafa ke fita daga kilo 100 na shanshera, nawa ne ya kakkarye a ciki, litar dizal nawa ake ƙonawa a kan tan ɗaya, awa nawa inji ke tsayawa a mako, kwana nawa bashi ke yi a hannun 'yan sari. A injin da ke aiki yadda ya kamata, abin da ke fita yakan tsaya tsakanin kilo 60 da 70 cikin 100, ya danganta da irin shinkafar da yadda aka busar da ita. A ce kai 62 kake samu, wani kuma yana samun 66. A ido bambancin ƙarami ne, amma a tan 100 na shanshera tan 4 ke nan, wato buhu 80 mai kilo 50. Matsalar ita ce da yawanmu ba za su iya faɗin nasu adadin ba, saboda da buhu ake saye, da buhu ake lissafi, buhu kuwa ba nauyi ba ne. Cikar da aka yi wa buhu a Dandume ba lallai ta zo ɗaya da ta wata kasuwa ba, tiya ma ta wani gari ta fi ta wani. Wanda ba ya ɗora kaya a sikeli lokacin shiga da lokacin fita, ko an buɗe masa littafin kamfanin da ya fi kowa a Kano, ba shi da abin da zai ajiye kusa da shi ya gwada.

Wajen wa za ka je? Mafi sauƙi shi ne cikin gidanka: masu aikin safe da na dare, malamin aji uku na wannan ɓangare da na wancan. Ba kuɗin mota, ba roƙon kowa, kuma inji ɗaya ne, wuta ɗaya ce, don haka duk bambancin da ya fito daga hannun mutane yake. Iyakarsa ita ce idan dukanku a baya kuke, gwanin cikinku ma a baya yake.

Abokin hamayya shi ne wanda adadinsa ya fi kama da naka, shi ne kuma ya fi wuyar buɗe maka ƙofa. Ko ya karɓe ka hannu bibbiyu saboda zumunci, zai nuna maka inji ya ɓoye littafi, kuma ba a ga laifinsa ba. Idan ka samu wanda kasuwarsa ta yi nisa da taka, misali mai injin casa a Kebbi ko Haɗeja, ya fi sakin jiki. Akwai kuma iyakar da doka ta sa: dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana 'yan sana'a ɗaya haɗa baki su tsayar da farashi. Ku yi zancen yadda ake aiki, ku bar zancen nawa za a sayar.

Wanda na fi so, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne mai wata sana'a daban da ke yin irin aikin da ya dame ka. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota daga manyan kantunan Amurka ya ɗauko tunanin kada a cika wurin ajiya sai da gwargwadon abin da aka ɗauka. Likitocin asibitin yara na Great Ormond Street a Landan sun koyi yadda za su miƙa yaro daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin kulawa ta musamman daga masu canja tayar motar tsere ta Ferrari, inda kowa ya san wurin tsayuwarsa da wanda ke ba da umarni. Mu ma muna da irin waɗannan malamai a kusa. Babban dilan magunguna ya san yadda ake jera kaya don wanda ya kusa lalacewa ya fara fita, mai gidan burodi yana buƙatar wannan ga fulawarsa da yis. Masu gyaran riɗi a Dawanau, da yake ƙasashen waje suke kai wa, sun ƙware wajen duba danshi da tsakuwa kafin su biya kuɗi. Babu ɗayansu da zai ji tsoron ka ƙwace masa ciniki, shi ya sa za su faɗa maka gaskiya.

Haɗarin wannan hanya guda ne babba. Ido inji yake gani, ba ya ganin sanin da ke tafiyar da injin. Mutum ya je Sharaɗa ko Challawa, unguwannin masana'antu na Kano, ya ga na'urar tsince baƙar ƙwaya tana aiki, ya dawo ya ci bashi ya sayo, alhali asararsa tun daga wurin shanya take. Ga kuma bambancin wuta. Kano da Katsina duk KEDCO ke ba su, amma wanda ke kan layin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana lissafinsa daban ne da na wanda janareto ke riƙe da shi.

Hanya ta biyu ita ce ka tattara sanin da ke cikin kan ma'aikatanka, ka mai da shi na kamfani. A nan zan ɗan daɗe, don a nan ne yawancin kamfanoninmu ke mutuwa tun masu su na da rai.

Shiga kowane injin casa da ya shekara goma, za ka tarar da dattijo ɗaya wanda kowa ke kira idan abu ya rikice. Zai ɗebi shanshera a tafin hannu, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki, ya datsa da haƙori, ya ce, "A ƙara mata rana kaɗan." Yana daga bakin ƙofa zai ji ƙarar inji ta sauya, ya ce bel ya saki, a duba a tarar haka ne. Ka tambaye shi ta yaya ya sani, ya ce maka, "Alhaji, ai ji ake yi." Ba rowa yake yi ba. Masani Michael Polanyi ya yi bayanin wannan tun 1966, cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da zai iya faɗa da baki. A 1985 kamfanin Matsushita na Japan yana ƙoƙarin ƙera injin yin burodi na gida, burodin ya ƙi yin kyau, sai wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta je ta zama 'yar koyo a wajen babban mai gasa burodi na wani otal a Osaka. Sai da ta sa hannu a ƙullun tare da shi ta gane cewa ba ja kawai yake yi ba, yana haɗawa da murɗawa. Shi kansa bai taɓa faɗa ba. Da aka sa wannan murɗawar a cikin injin, burodi ya yi.

Saboda haka sani iri biyu ne a kamfaninka, kuma ba ma'ajiya ɗaya ke ɗaukar su ba. Akwai wanda ke rubutuwa: lambar dillalin da ba ya haɗa jiƙaƙƙiya da busasshiya, girman bel da inda ake samunsa, ranar da aka canja mai, wanda ake bi bashi da ranar alkawari. Haƙorin dattijon nan ma wani ɓangarensa yana rubutuwa, domin danshin da ya dace da casa wajen kashi 14 cikin 100 ne, idan ta bushe fiye da kima ta kakkarye, idan ba ta bushe ba ta ƙi casuwa. Ka sayi na'urar auna danshi, duk lokacin da ya ce "ta yi" a auna a rubuta, bayan 'yan makonni kana da adadin da yaro zai iya bi. Akwai kuma wanda ba ya rubutuwa, kamar jin ƙarar inji. Wannan sai dai a haɗa shi da yaro mai hankali su yi watanni tare, irin yadda iyayenmu suka koyi saƙa da ƙira da dukanci. Tsarin ubangida da yaronsa bai tsufa ba. Abin da ya rage masa shi ne a yi shi da niyya, a san wa ke koyon me, kuma zuwa yaushe.

A ina za a ajiye wanda ke rubutuwa? Littafi mai bango mai ƙarfi ba ya neman caji ko data, kuma kowa ya yarda da shi, amma ruwa da gobara da gara suna cin sa, nema a cikinsa kuma wahala ne. WhatsApp ya fi kowa sauƙi, tunda ko wanda ba ya karatun boko yana aika saƙon murya da hoto, sai dai bayanin watan jiya ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a, kuma idan lambar da abokan ciniki suka sani ta manaja ce ta kansa, ranar da ya bar aiki da kasuwarka zai tafi. Layin waya na kamfani, da wayar kamfani, shi ne gyara mafi araha da na sani. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, ya ishi ƙaramin kamfani shekaru idan takardu da lissafi ne, kuma ko an sace waya bayanin na nan. Amma mutanen jihar Katsina ba su manta watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Jibiya da Dutsin-ma, saboda matsalar tsaro. Wanda duk iliminsa ke intanet a lokacin ya ji a jikinsa. Ni abin da nake gani shi ne a haɗa biyu: a rubuta a littafi a bakin aiki, a ƙarshen mako a shigar a kwamfuta. Manhajar kuɗi mai tsada kuwa a jinkirta ta. Wanda bai saba cika littafi ba, ba zai cika manhaja ba.

A rubuta da Hausa. Idan mai tuƙa injin da ajami ya fi sabawa, a bar shi ya rubuta da ajami. Masu ruwan leda sun san jami'an NAFDAC na neman rubutaccen tsarin aiki da na tsafta idan sun zo duba wuri, kuma sau da yawa wani ake biya ya rubuto shi da Turanci, a nuna, a mayar cikin durowa. An cika sharaɗi, amma wanda ke wanke tanki bai taɓa karanta shi ba. A fassara masa shafi ɗaya, a manna a bango kusa da tankin.

Babban cikas a wannan hanya ba na kayan aiki ba ne, tsoro ne. Ka ce wa dattijon nan, "Baba, ina so ka koya wa yaron nan duk abin da ka sani," abin da zai shiga kunnensa shi ne ana shirin sallamarsa a ɗauki mai araha. Kuma ya ga an yi wa wasu haka. Zai ce to, ya koya masa rabi. Xerox ɗin nan dai ta gamu da irin wannan. Wani mai bincike, Julian Orr, ya bi masu gyaran injinansu, ya gano cewa ainihin ilimin gyara ba a littafin kamfani yake ba, a hirar da suke yi wajen cin abinci yake, kowa na ba da labarin injin da ya ba shi wuya. Daga baya kamfanin ya kafa rumbun da ya kira Eureka, aka fara gwada shi a Faransa, inda mai gyara ke rubuta dabararsa, ƙwararru su tantance, a yaɗa ta da sunansa a jiki. Sunan nan shi ya fi jan su. Mu da muka san darajar a ce "wurin wane na koya", wannan ba baƙon abu ba ne. Ka ƙara masa wani abu a albashi da sunan koyarwa, ka faɗa a gaban mutane cewa shi ne malamin wurin, ka rubuta sunansa a kan shafin da ya bayar, kuma ka cika alkawarin da ka yi masa na cewa ba korarsa za a yi ba. Idan ka saɓa sau ɗaya, ba wanda zai sake buɗe maka baki a kamfanin.

Akwai wata ɗabi'a mai araha da sojojin Amurka suka yi suna da ita. Bayan kowane aiki su zauna su amsa tambaya huɗu: me aka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za a yi nan gaba. Gidan burodi ya yi haka bayan azumi, injin casa bayan kaka, makaranta bayan jarrabawa. Rabin awa ya isa, muddin maigida zai iya yin shiru yara su yi magana. Wanda kuma ke harin sayar wa manyan kamfanoni ya sani cewa ma'aunin inganci na ISO 9001, bugun 2015, ya sa adana ilimin ma'aikata cikin sharuɗɗansa, kuma hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki, na ba da shaidarsa a Najeriya.

To, idan aka jera su, fita waje tana cin kuɗi a dunƙule, na mota da masauki da ranakun da manyan ma'aikatanka ba sa bakin aiki, amma tana iya buɗe maka ido a yini ɗaya. Tattara sanin gida kuɗinsa kaɗan ne, sikeli da littafi da na'urar danshi da ɗan alawus, sai dai yana cin haƙuri, kuma amfaninsa ba ya fitowa fili sai ranar da wani ya tafi aiki bai tsaya ba. Ta farko tana nuna maka inda ake iya kaiwa. Ta biyu tana hana abin da kake da shi zubewa. Ta farko maigida ke jin daɗinta, ma'aikata su ji kamar an ce ba su iya ba. Ta biyu ma'aikata ke tsoronta da farko, maigida kuma ya gaji da ita tun kafin ta nuna.

Ga yadda zan zaɓa. Idan akwai mutum ɗaya da tafiyarsa za ta durƙusar da kai, ko kayanka yau su yi kyau gobe su lalace alhali inji ɗaya ne, ko ba za ka iya faɗin adadin abin da ke shiga da fita ba tare da kiran wani a waya ba, fara da gida. Ina ganin yawancin kamfanoninmu na Katsina da Daura nan suke. Ka ba shi kamar wata uku. Ba sai ka ɗauki ƙwararre ba, ɗalibin da ya zo koyon aiki daga Kwalejin Hassan Usman ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura zai iya bin ma'aikata da littafi yana rubutawa, in dai an gabatar da shi da mutunci, an kuma ja masa kunne ya girmama na gaba da shi.

Amma akwai wanda ya kamata ya fara da fita. Idan littattafanka a cike suke, ma'aikatanka sun daɗe, aikinku ba ya tangarɗa, duk da haka wani yana sayar da irin kayanka ƙasa da abin da kake kashewa, to tattara abin da kuka sani ba zai cece ka ba, don abin da kuka sani ɗin ne ya tsufa. Haka wanda zai buɗe sabon layi da ba wanda ya taɓa yi a gidan, kamar mai casa da zai fara turara shinkafa da tukunyar tururi maimakon ganga. Shi ma wanda ya gaji kamfani daga mahaifinsa, kowa na ce masa "haka marigayi yake yi", fita za ta ba shi hujjar da bakinsa kaɗai ba zai iya kawowa ba.

Idan tafiyar ta zo, kada ka tafi da akanta kaɗai. Ka ɗauki wanda hannunsa ke kan injin, domin shi zai lura da tazarar da suka bari tsakanin robobin ɓare ɓuntu, kai kana can kana kallon fenti. Ku rubuta tambayoyinku tun daga gida, kada su wuce na aiki ɗaya. Ka nemi izini ta hannun wanda mai wurin ke jin nauyinsa, ɗan'uwa ko shugaban ƙungiyarku, ka faɗi abin da ya kawo ka ba ɓoye-ɓoye, kada a ɗauki hoto sai an yarda. Ka fara faɗin naka adadin kafin ka tambayi nasa, kuma ka gayyace shi ya zo ya ga naka wurin. Da kun dawo, a canja abu ɗaya tak, a ci gaba da ɗora kaya a sikeli mako huɗu, sannan a duba littafi a ga ko 62 ɗin nan ta motsa kafin a taɓa na biyu.